Rijiyar da Kaka Ta Rufe

A Makka aka haife ni, mahaifiyata ma haka. Amma duk wanda ya dubi launin fatata a layin biredi ya san inda zai ajiye ni, kuma duk alhajin Nijeriya da ya ji Hausata sai ya yi dariya ya ce irin ta tsofaffi ce. Gaskiyarsa. A bakin Kaka na tsince ta, don ita ta raine ni, kuma Hausar da ta baro gida da ita tana yarinya ita ce dai a bakinta har ta tsufa, sai ɗan Larabcin da ya manne mata. Rubutun boko kuwa matar wani ɗalibi 'yar Zariya ce ta koya mini a maƙwabta. Idan aka tambaye ni 'yar ina ce, ina da amsa iri uku, kuma babu wadda nake faɗa da cikakken baki.

Da ƙafa Kaka ta zo Makka. Wannan kowa a zuri'armu ya sani. Abin da babu wanda ya sani shi ne hanyar. Tun ina ƙarama nake damunta da tambaya.

"Kaka, ta ina kuka bi?"

"Ta ƙasa. Da ta sama za mu bi?"

"A'a, garuruwan nake nufi."

"Tashi ki duba tukunya, uwar iyayi."

Haka muka yi shekara da shekaru. Sai ga shi ta haura tamanin, kanta ya fara yoyo. Yau ta kira ni da sunan mahaifiyata, gobe ta nemi carbinta alhali yana wuyanta. Ranar da ta tsaya a tsakiyar falonmu na unguwar Shisha ta tambaye ni ina ƙofar bayi, a gidan da ta shekara biyar a ciki, na shiga kicin na yi kuka. Tsoro ne ya kama ni, ba tausayinta kaɗai ba. Na san idan ta tafi da hanyar nan a cikinta, shi ke nan, ni da 'ya'yan ƙannena mun zama mutanen da suka faɗo daga sama.

A shekarun nan da ake ta rushe tsofaffin gidajen kusa da Harami, ina aiki a wani ƙaramin masaukin alhazai a unguwar Jarwal, a hawan benen mata. Canjin zanen gado, kai shayi, sai nuna wa tsofaffi yadda ake kunna ruwan zafi. A nan na tsinci ɗan Turancina, tsinci-tsinci, daga bakin baƙi. Ranar Alhamis kuma ina yi wa amare lalle. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau, sai dai ya fi kaina sauri. Mu masu lalle kuwa al'adarmu ɗaya ce: zanen da idonki ya gani ya zama naki. Wadda ta kwaikwayi naki ta yabe ki ne, har ma ki yi ta baza labari.

Wata shekara, bayan an sauko daga Arfa, aka sauke mana ayarin alhazan Ostireliya. A cikinsu akwai wata dattijuwa da gwiwarta ta kumbura saboda tafiyar Mina, don haka 'yan ɗakinta su tafi Harami su bar ta. Da na shiga da shayi na ga baƙa ce wuluk, har ta fi ni, sai kawai na zube na gaishe ta da Hausa. Ta yi ta dariya har tana riƙe gwiwa. Ta ce ita ba daga Afirka take ba. Mutanenta su ne asalin masu ƙasar Ostireliya, suna can dubban shekaru kafin jirgin Bature ya tsaya a gaɓarsu. Kakanta na wajen uba kuma mai raƙuma ne da aka kawo daga wajejen Afganistan don fataucin hamada, shi ya shigo da salla gidansu. Sallar ta ɓace a tsakani, ita ta sake nemo ta da girmanta. Ni dai Hajiya nake ce mata, kamar kowa.

A kwana na uku na tarar ta shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri a kan gado, bai fi ɗankwali girma ba. Ja ne irin jan ƙasa, da da'irori a cikin da'irori, layuka suna haɗa su, wasu alamu kamar kofaton doki suna zagaye da su, sauran filin kuma ɗige-ɗige ne farare da rawaya, dubbai, kamar an watsa gero. Na ajiye tire na manta da shi.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Ƙasarmu ce," in ji ta. "Ina tafiya da ita duk inda za ni."

Ta ce in dube shi kamar ina sama ina kallon ƙasa. Da'irorin ramukan ruwa ne da wuraren zango. Layukan hanya ce. Abin da na kira kofato kuwa mutum ne, wato shaidar da mutum yake bari a yashi idan ya zauna ya tashi. Ɗan layin da ke gefensa sandar tonon mace ce, ɗan zagayen kuma akushinta. Na ƙirga mata huɗu a bakin wani ruwa, babu fuska ko ɗaya, amma wallahi sai na ji kamar hira suke yi.

Kwanakin nan na riƙa jan ƙafa a ɗakinta, ita kuma kaɗaici ya sa ta buɗe baki. Ta ce zanensu bai fara a ƙyalle ba. A yashi ake yi, da jikin mutane lokacin bukukuwa, da bangon duwatsu, inda har yau akwai tafin hannun mutanen da ba a san adadin shekarunsu ba. Mutum ya ɗora hannu a dutse, ya cika baki da ruwan jan ƙasa ya fesa, ya ɗauke hannun, siffar ta zauna. Mutanen arewacin ƙasar, inda ake ruwa, ɓawon itace suke ɓarewa da damina, su gasa shi a wuta, su danne da duwatsu har ya miƙe, su ja siraran layuka da 'yan silin gashin kai. Su na hamada sai tana budurwa dattawansu suka fara ɗora zanen a kan katako da ƙyalle. Launin asali huɗu ne: ja da rawaya daga ƙasa, fari daga farar laka, baƙi daga gawayi. A niƙa a kan dutse, a kwaɓa da ruwa da ƙaron itace ko ƙwai don ya kama. Yanzu dai, in ji ta, yawanci fentin kanti suke saya, don tsufa ba ya son niƙa.

Ta kuma gaya mini ba a cikin abin ta tashi ba. Hukuma ta ɗauke mahaifiyarta daga hannun iyayenta tana ƙarama, kamar yadda aka yi wa yara da yawa a zamanin, aka raine ta nesa da harshensu. Sai da Hajiya ta haihu uku sannan ta nemo gwaggwanninta na wajen uwa, suka kai ta ramukan ruwan nan ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, kafin su yarda ta zana su. Na ji wannan da kunnena. Ban dai saurara ba, don idona yana kan ɗige-ɗigen, ina lissafin yadda za su zauna a bayan hannu.

Da ta shiga alwala na ɗauki hoton ƙyallen da wayata. Ban ɓoye ba, ban kuma ga abin tambaya ba. Ranar Alhamis na zuba shi a hannun wata amarya a unguwarmu, da ƙawayenta uku, na ƙarasa ragowar lallen a hannuna na hagu. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Mata suka yi ta tambaya ko daga Dubai na samo. Ranar Asabar na shiga ɗakin Hajiya ina washe baki, na miƙa mata hannu kamar yarinyar da ta ci jarrabawa.

Ta kama hannun ta daɗe tana kallo. Murmushin da ta tare ni da shi ya tafi.

"Wa ya ba ki?"

"A ƙyallenki na gani. Har amarya na yi wa, kowa yana yabo."

"Mutum nawa?"

"Biyar da ni."

Ta saki hannuna a hankali. Ta ce wannan ba ado ba ne. Ƙasar gwaggwanninta ce, kuma ita kanta aro aka ba ta, ba ta da ikon ba wani. Ko maƙwabtansu na can, masu harshe ɗaya da su, ba sa zana ruwan da ba nasu ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in bar shayin a kan tebur, ta gode.

Na fito raina a ɓace. A zuciyata ina cewa, da'ira ce fa da ɗige, wa ya hana wani zagaye? Mutum ya yabe ka kuma ya zama laifi? Amma da na isa gida na shiga bayi na dirji hannun nan da lemon tsami, da sabulun wanki, har da ruwan wanke tayil, sai da fatar ta yi ja. Lalle kuwa na kirki na kwaɓa, ko gezau bai yi ba.

Kaka ta gan ni ina hura hannu ta tambaya. Na kwashe labari na gaya mata, ina jiran ta taya ni faɗa. Ranar kanta garau yake.

"An ba ki?"

"Kaka, zane ne fa."

"Na ce an ba ki?"

"A'a."

"To sunansa sata, ko da lalle aka yi ta." Ta ɗora yatsa a kan zanen askar da ke kumatunta, layuka uku-uku da tsufa ya kusa shafewa. "Kin ga wannan? A garinmu da wani bare ya tsaga wa 'yarsa irinsa, har gaban mai gari za a je. Ja'ira kawai. Yalla, maza gobe ki ba ta haƙuri, ki ce ta zo ta ci tuwo. Ba a ba da haƙuri da baki busasshe."

Kwana biyu ina kai shayi da safar hannu, a zafin Makka. A na uku na cire, na tsuguna a gaban gadonta na ba ta haƙuri, na goge hoton a kan idonta. Ta ce ya wuce, lalle ai yana fita, amarya kuma Allah ya ba ta zaman lafiya. Sannan ta ce abin da ya fi faɗan ciwo.

"Hannunki yana da kyau. Ki zana taku ƙasar mana."

"Ba ni da ita."

Ban shirya faɗin haka ba, fitowa kawai ya yi. Na ce mata nan an haife ni amma takardar zama nake sabuntawa, can kuma ban taɓa gani ba, ko sunan ƙauyen ban sani ba. Ta tambaya wa ya yi tafiyar. Na ce kakata, kuma ba ta faɗa. Sai ta ce a gaya wa Kaka ta karɓi gayyatar tuwo, amma in samo mata yashi cikin bokiti.

Bayan la'asar na ɗauko ta a tasi zuwa Shisha. Yashin a wajen masu gini na bayan gidanmu na roƙo. Kaka ta yi tuwon shinkafa miyar kuka, ta zuba mata man shanu kamar ba gobe, Hajiya ta ci tana share gumi tana cewa a ƙara. Ni ce tafinta, Turancina na ɗingishi, amma tsofaffin nan biyu kamar ba sa ma bukatata. Da aka kwashe kwanuka Hajiya ta sa na juye yashin a babban farantinmu na Idi, ta baje shi da tafin hannu, ta fara ja da yatsa.

Kaka ta zabura ta ja da baya.

"A'uzubillahi! Bugun ƙasa? A Makka? Ke, wace iri kika kawo mini gida?"

Dariya ta hana ni fassara. Da ƙyar na yi wa kowacce bayanin 'yar'uwarta. Hajiya ta ce a gaya mata ba duba ba ne, hira ce. Haka matansu suke ba yara labari: baki yana faɗa, yatsa yana zanawa, in an gama wuri ɗaya a shafe a shiga na gaba. Ta ba mu wani ɗan labari na yara, wanda ta ce kowa yana iya ji, na mata biyu da suka je tonon saiwa suka ɓata hanya. Kaka ta matso kaɗan tana leƙe. Ta tambaya ina mutanen, na nuna mata shaidar zamansu. Ta ce to, tunda babu fuska babu ido, da sauƙi.

Sai Hajiya ta yi da'ira ta ce ga ruwa. Kaka ta tsuke baki.

"Wannan ce rijiya? Ina bakinta? Ina itacen da ake ɗora guga? Miƙo nan."

Ta jawo farantin gabanta, ta shafe, ta yi zagaye ta gitta masa layi biyu. Ta ce ga rijiyar ƙofar gidansu, a wani ƙauye gabas da Haɗeja, ta faɗi sunansa. Shekara talatin da wani abu ina neman sunan nan, sai ga shi ya faɗo a kan farantin Idi. Na buɗe baki zan yi tambaya, Hajiya ta danne mini gwiwa da hannu. Na haɗiye tambayata, abin da ban saba ba.

Kaka ba ta yarda da alamar zama ba. Ta ce su ba zama suka yi ba, tafiya suka yi, kuma a gidan Bahaushe da takalmi ake sanin wanda ke ciki. Sai ta dangwala yatsu biyu a yashi, sau uku: manya, matsakaita, ƙanana. Babanta, innarta, da ita. Ta ja layi zuwa gabas. Yerwa, inda suka yi damina ɗaya babanta yana ɗinki. Fallomi, inda ta fara ganin kogin da ba a hango ƙarshensa. Abashe, inda jakinsu ya mutu. Ba ni take gaya wa ba, ba kuma Hajiya ba. Kanta a sunkuye, da yashin take magana. Daga baya na gane duk shekarun nan kallon idonta da nake yi ina tambaya shi ne ya hana ta.

Da farantin ya cika ta sa hannu ta shafe, kamar yadda ta ga an yi. Na ce wa Hajiya da Turanci, gobe fa tana iya mantawa, ni kuma kaina ba zai riƙe ba. Hajiya ta ce to sai a ɗora shi a katako, saura kwana biyar jirginsu ya tashi.

Washegari na zaga wajen matan da ke kasa kaya a Jarwal na sayo farar ƙasa da ƙaro. Baƙi bai ba mu wahala ba, gawayin turaren wuta yana nan. Katako kuwa daga cikin kabad ɗin kicin na zaro ɗaya. Don rawaya na kawo kurkum, wato gangamau, Hajiya ta shinshina ta ce wannan na miya ne, wata biyu zai gudu, mu haƙura da launi uku. Da ta ce a samo ɗan itace a tauna bakinsa ya yi laushi, don da shi kakanninta suke shafa launi, Kaka ta zaro asuwaki daga ƙarƙashin matashi ta ce, "Wannan kuma ai mun riga ku." Na yin ɗige kuma tsinken ashana muka juya.

Ja ne ya gagara. Ina cewa ko in nemo fenti a kanti, sai Kaka ta sa na jawo akwatinta. Daga ƙasan zannuwa ta fito da gutsuren jan bulo a ƙulle cikin tsumma. Na gidanmu na Jarwal ne, inda ta haifi mahaifiyata, inda yanzu wani dogon otal yake tsaye. Ranar da aka rushe gidan ta tsinto shi, ba wanda ya sani. Na ce Kaka, in aka niƙa fa ya ƙare. Ta ce, "Da a akwati uban me yake yi?"

A kan dutsen da take niƙa kwalli muka niƙa shi. Aikin ya ci hantsi guda. Hajiya tana taɓa garin tsakanin yatsu tana cewa da saura, ni ina ƙunƙuni ina komawa. Muka jiƙa ƙaro ya narke, muka kwaɓa. Na farko ya yi ruwa ya zube, na biyu ya yi kauri ya tsage da ya bushe, na uku ya zauna. Muka shafe katakon da ja, muka jingine shi a taga.

Kwana uku muka yi, kullum daga la'asar zuwa kiran magariba. Kaka ta zana a yashi, ni in ɗora a katako, Hajiya tana gefe da ƙafarta a kan matashi, ba ta taɓa katakon ko sau ɗaya ba. In na yi gaggawa ta ce in bar farin ya sha iska. In na karkata rijiya Kaka ta ce hannuna kamar na mai tuya. Kowace rijiya da gicciyenta, kowane zango da takalma uku a gefensa.

A rana ta biyu muka kai rijiya ta bakwai, tsakanin Abashe da Jinena, wurin da ba gari, ba suna. Kaka ta zana ta a yashi, ta dangwala takalma uku. Ta ja layi ya wuce. A zango na gaba ta dangwala manya, ta dangwala ƙanana, ta ɗauke hannu. Na tsaya da tsinke ina jiran na ukun. Har na ce, "Kaka, kin manta ɗaya."

"Ban manta ba."

Kaka ta ce halas, ya isa haka, ta gaji, a kwashe. Ta fara goge yatsunta a zane, na ga ƙofar da aka buɗe tana shirin rufewa, kuma da bakina na jawo.

Hajiya ba ta ji Hausar ba, amma ta ƙirga takalman. Ta ce in fassara mata wani abu daidai, kada in ƙara kada in rage. Ta ce lokacin da dattawansu suka fara zane a katako, sai suka ga katako ba yashi ba ne. Ba ya shafuwa, yana tafiya garuruwa, kowa yana kallo, har da waɗanda bai kamata su ga wasu abubuwa ba. Hankalinsu ya tashi. Daga cikin dabarun da suka yi akwai rufe wurin da ɗige. Abin yana nan a ƙasa, ba a fasa zana shi ba, wanda ya sani ya sani, bare kuma ya ga ado ya wuce. Da ta gama ta jawo sandarta ta ce za ta duba unguwa daga baranda, ta fita ta ja ƙofa.

Kaka ta daɗe tana kallon katakon. Sannan ta ce in matso da kunnena.

A bakin rijiyar nan aka binne innarta. Ita ce ma mai son zuwa Makka, ita ta sayar da awakinta ta matsa wa babansu har ya yarda, kuma ita ce ba ta iso ba. Kaka tana da shekara tara. Wannan ta yarda in faɗa. Akwai sauran magana, ta abin da ya faru a yinin da abin da innar ta ce mata, wanda ta ɗauka ita kaɗai fiye da shekara saba'in tana ganin laifinta ne, alhali ba laifin kowa ba ne. Wannan nawa ne da ita.

Ta sa na zana abin da za a zana a gefen rijiyar, ƙanana, da baƙi. Da ya bushe ta karɓi tsinken da kanta. Hannun tsufa ne, ɗigon wani babba wani ƙarami, wani ya zarce ya yi wutsiya. Na yi niyyar gyara mata, na tuna, na zauna a kan hannuna. Sai da ta rufe wurin kaf da fari, tana yi tana motsa baki, hawaye yana bin layukan kumatunta. Da ta gama ta ce in kira baiwar Allah ta shigo, zafi zai kashe ta a waje.

Rana ta uku tafiyar ta yi sauri. Fashir, gonakin auduga na Madani inda suka shekara uku suna tara kuɗin jirgi, Sawakin, teku, wanda Kaka ta ce a bar shi baƙi don ba ta ga komai ba sai amai, sannan Jidda. A ƙarshen katako ta sa na yi gida mai kusurwa huɗu, ta ce Jarwal ke nan. Ta sa na jera takalma a ƙofarsa, nata, na mahaifiyata, nawa, na ƙannena da 'ya'yansu, har wuri ya ƙare.

Ni da rawar kaina, ranar sallama na naɗe katakon a zane na ce Hajiya ta tafi da shi tukwici. Su biyun suka yi mini ca, kowacce da harshenta. Hajiya ta ce har yanzu ban koyi komai ba, ina ita ina ɗaukar ƙasar wasu. Kaka ta ce ban da haka ma bulon Jarwal ne a jiki, ƙasar Harami kuwa ba a fita da ita. Suka dubi juna suka yi dariya ba tare da na fassara ba. Kaka ta ba ta carbinta da ƙullin kuka. Hajiya ta kama hannuna na hagu, lallen ya koɗe saura inuwa, ta shafa shi ta ce in gaishe da amarya. Ba mu sake haɗuwa ba, amma duk shekara in alhazai suka sauko daga Arfa sai na yi mata addu'a.

Katakon yana nan a falonmu. Farin ya ɗan ɓarɓashe a gefe, na koyi gyara shi. 'Ya'yan ƙannena, waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, sukan nemi takalmansu a ƙofar gidan su yi ta gardama da Larabci a kan na wa ya fi girma. Daga nan sai in kama yatsan mutum in mayar da shi baya, rijiya bayan rijiya, har ƙauyen da ke gabas da Haɗeja. Sunan ƙauyen yanzu duk sun iya shi. Lalle kuma ina nan ina yi, kuma har yau ina ɗaukar zanen wasu, sai dai ina tambaya tukuna, abin da ke ba abokan sana'ata dariya.

Kaka ta ƙara shekara biyu. Kanta ya ci gaba da tafiya, har ta daina gane ƙannena. Amma in na ɗora mata katakon a cinya sai yatsanta ya kama hanya, tana kiran garuruwan. Daga baya garuruwan ma suka fara zubewa, sai ya zama ni nake faɗa tana bi. Wata ranar Juma'a da hantsi, muna cikin haka, yatsanta ya tsaya a kan fararen ɗigon nan nata masu wutsiya. Ta shafa su, ta ɗago ta dube ni, ban san ko ta gane ni ba.

"'Yar nan, akwai abu a ƙarƙashin nan ko?"

"Akwai, Kaka."

"Kin san ko mene ne?"

"Na sani. Ke kika gaya mini."

"Duka?"

"Duka."

Ta sauke numfashi, ta jingina da matashi.

"To madalla," in ji ta. "Ni sai in manta abina."